Yadda ƙungiyar direbobi zata nemo tallafin gwamnati na motar ƙauye zuwa Jos

Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, waɗanda suka fi jin jiki a harkar mota ba mu na cikin Jos bane, mu ko ba komai akwai keke, akwai ƙananan bas daga Taminus zuwa Bukur, ga kuma motocin Tin City Metro da gwamnatin jiha ta fito dasu a 2024. Mutumin Bashar ko Dengi ko Namu ko na can cikin ƙauyukan Bokkos shine abin ya fi ci. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura dubu, kuma direban ƙauye bazai tada mota ba sai ta cika maƙil har da kaya a sama, ba mugunta bace, in ya tashi da rabi daga aljihunsa zai cika kuɗin mai. Sai kaga baiwar Allah da takardar da aka turo ta da ita asibitin koyarwa na jami'ar Jos, JUTH, ta shiga mota tun bayan asuba, yaro a cinya, ana jiran mutum uku, ɗan kamasho na ta kiran saura ɗaya saura ɗaya har hantsi ya dubi ludayi, kafin a iso Lamingo inda asibitin yake an gama ganin marasa lafiya na ranar, dole ta nemi gidan 'yan uwa ta kwana, kuɗin da ta ƙulla na magani ya tafi a abinci.

To wannan rubutun na ciyamomin tasha ne da sakatarori da masu mota biyu uku da suke son haɗa kai su riƙe irin wannan hanyar, kuma suna jin ana ta cewa gwamnati ta ware kuɗin sufuri amma basu san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Abin da nake so ku riƙe tun farko, kar ku je neman mota kawai. Ku je neman abin da zai sa motar ta tashi a kan lokaci kullum ko bata cika ba. Motar kyauta ba tare da kuɗin tafiyar da ita ba kamar a baka doki ne ba harawa, wata shida zaka ganta a garejin bakanike an ɗora ta kan dutse.

A Najeriya bamu da dokar da ta ce duk shekara a cire kaso kaza a ba motocin da ke haɗa ƙauye da birni, shi yasa ba wani ofis da zaka shiga a miƙo maka fom mai wannan suna. A Amurka akwai, kuma ya kamata ku san yadda nasu yake don a nan zaku samu hujjar da zaku tsaya a kai gaban kwamishina. A 1982 aka sakar wa kamfanonin bas na can mara kowa ya zaɓi hanyar da yake so, sai manya irin su Greyhound suka riƙa janye motocinsu daga ƙananan garuruwa don ba riba, aka bar tsofaffi da ɗalibai da marasa mota ba hanyar fita. A 1991 aka gyara doka, yanzu sashen ana kiransa 5311(f), ya ce cikin kuɗin da tarayya ke ba kowace jiha na sufurin karkara, wato wuraren da mutanensu basu kai 50,000 ba, kashi 15 cikin 100 na bas ne mai haɗa ƙauye da birni, sai dai in gwamna ya tuntuɓi masu motocin ya sa hannu cewa buƙatar ta riga ta biya. Tarayya na iya biyan har kashi 80 na sayen mota da gina tasha, sannan har rabin giɓin da ke tsakanin abin da fasinja suka biya da abin da aka kashe wajen tafiyar da motar. Jihar Washinton ma ita ke zana hanyar da kanta ta ba kamfani kwangila, kamar layin da ta buɗe a 2007 tsakanin Walla Walla da Pasco, aka tsara lokacin isarsa ya dace da tashin manyan bas da jirgin ƙasa. Kun ga abin da suke biya, giɓi da lokaci. Su ne kuma abin da mu bamu cika nema ba.

Namu tarihin duk na raba ƙarfe ne. A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da shirin sufurin jama'a wanda kamfanonin sufuri na jihohi da yawa suka samo asali daga shi. A Janairun 2012 lokacin zanga-zangar kuɗin mai gwamnatin Jonathan ta sanar da bas 1,600. Ran 31 ga Yuli 2023 Shugaba Tinubu ya ce za a sa naira biliyan 100 a sayi bas 3,000 masu kujera 20 masu amfani da gas ɗin CNG, kamfanonin sufuri su karɓa a kan ruwa kashi 9 a shekara su biya cikin wata 60, kun ji ko, bashi ne. A Agustan 2023 aka sanar da biliyan 5 ga kowace jiha na rage raɗaɗi, kashi 52 kyauta kashi 48 rance. Wanda ya fi kama da biyan giɓi shine na Disambar 2023 da tarayya ta ɗauke rabin kuɗin mota na tafiye-tafiyen ƙarshen shekara, amma ku duba su wa suka samu, manyan kamfanonin lagzuri ne masu tikiti da rajistar fasinja da akawu, waɗanda za a ce mutum nawa kuka ɗauka jiya su buɗe takarda su nuna. Darasin a fili yake, kuɗin gwamnati baya zuwa hannun Malam wane direba, yana bi ta ƙungiya ne ko kamfani ko jiha, kuma yana tsayawa ne a wurin mai takarda.

Don haka aikin farko ku zama ƙungiyar da doka ta sani. Mafi sauƙi itace ƙungiyar gama kai, mutum 10 sun isa a kafa ta matakin farko, ana rajistarta a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, za a nemi tsarin mulkinku da sunayen shugabanni da bayanin taron da kuka yi kuka amince. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, biyu dole kafin kuɗi ya fita, kuma dan Allah kar ciyaman da ma'aji su zama wa da ƙani. Ku fara zuba adashenku ta wannan asusun ko dubu biyu-biyu ne a sati, don ranar da za a ce ku kawo sitatimen na wata shida ko shekara ba a ƙirƙiro shi a dare ɗaya. In kuna hangen kwangila ko rancen banki mai nauyi sai ku ƙara da rajistar kamfani a CAC da lambar haraji ta TIN. In motocinku sun kai biyar, hukumar kiyaye haɗurra FRSC na ɗaukarku a matsayin masu jerin motoci, akwai rajista ta musamman da ake yi a wurinsu, ga na'urar taƙaita gudu da rajistar fasinja. Fatikula da inshora da lasin direbobi duk su zama masu rai, ku yi kwafi ku zuba a fayil ɗaya.

Sannan kar ku yi wannan a bayan yuniyon. Ko NURTW kuke ko RTEAN ko NARTO, ku je wurin shugaban reshe ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke shirin yi, muna son takardar goyon baya. Jerin sunayen da ake turawa sama in an zo rabon wani abu ta hannunsu yake bi, kuma tashar da zaku yi lodi tasu ce. Wani abu kuma da duk ɗan Filato ya sani ba sai an faɗa da ƙarfi ba, hanyar da ta taso daga Wase ta bi Langtang da Pankshin da Mangu ta shigo Jos ta ratsa garuruwan mutane daban-daban, masallaci da coci, yare kala-kala. Ƙungiyar da membobinta suka fito daga ɓangare ɗaya kawai zata sha wuyar samun kunne a ofis, kuma ranar da gari ya ɗan yamutse motarta ce zata fara tsayawa. Ku jawo kowa ciki da gaske, har cikin shugabanci, ba don hoto ba.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne kusan kowa ke tsallakewa, ƙirga. Ku sayi littafi mai ƙwarin bango ku ba wani yaro mai hankali da ya gama sakandare, a riƙa bashi ɗan na shayi, ya zauna a tasha. Kowace mota ya rubuta ranar, ƙarfe nawa fasinjan farko ya zauna, ƙarfe nawa aka tashi, mutum nawa, nawa aka biya, buhu nawa aka ɗora, mutum nawa suka gaji suka sauka suka koma gida, wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai don sune fasinjan da babu wanda ke lissafa su. In fasinja ya yarda a tambaye shi me zai kai shi, asibiti ne, makaranta ce, kotu, banki, kasuwa, ba sai an rubuta suna ba. Haka a yi a ɓangaren Jos na dawowa, don ciwon hanyar ƙauye a dawowa yake, ka zo da mutum 14 ka koma da biyar. A yi aƙalla wata uku, a tabbata an haɗa da damina lokacin da hanya ke cin shokozoba, da ranakun kasuwa irin Juma'ar Mangu, da lokacin kwasar dankali a Bokkos, da satin da ɗalibai ke komawa Pankshin ko Bokkos ko jami'ar Jos, saboda in ranakun cika kawai kuka ƙirga za a ce ai kuna cin riba me kuke nema, in na rashi kawai kuka ƙirga za a ce ba mutane a hanyar.

Daga littafin nan zaku fitar da giɓi. Bari in buga misali da lambobin da na sa don a gane lissafin kawai, ku zaku sa naku na gaskiya. A ce zuwa da dawowa yana cin naira 70,000 in an haɗa mai da kuɗin direba da yaron mota da kuɗin tasha da abin da ya kamata a ajiye na juye da taya da birki. Zuwa mota ta cika, mutum 14 a dubu uku-uku, 42,000 kenan. Dawowa mutum biyar, 15,000. An samu 57,000, saura 13,000, wannan shine giɓin rana ɗaya. Kwana shida a sati 78,000, a shekara miliyan 4 da 'yan kai. To kun ga bambanci tsakanin ku shiga ofis kuna a taimaka mana da motoci Yallaɓai, da ku shiga ku ce da miliyan 4 a shekara mota zata tashi daga gari kaza ƙarfe shida na safe kullum ta iso Jos kafin a rufe karɓar kati a asibiti, ga adadin mutanen da zasu amfana ga littafin da muka ƙirga. Na biyun jami'i na iya ɗauka ya kai wa na gaba dashi ba tare da ya ji kunya ba. Kuma a wajen lissafin nan kar a ɓoye kuɗin gyara don giɓin ya yi ƙanƙanta a ga kamar kuna da sauƙin kai, kanku zaku cuta, kar kuma a kumbura shi don duk wanda ke ofishin sufuri ya san farashin lita.

Ku haɗa da takardun shaida daga mutanen da hanyar ta shafa, hakimi ko mai unguwa, shugaban asibitin sha-ka-tafi na garin wanda ya san mata nawa yake turawa birni, firinsifal, limami da fasto, shugabar mata 'yan kasuwa masu kawo kayan gwari Farin Gada. Kowa ya rubuta da bakinsa, gajere, kar a buga abu ɗaya a raba musu su sa hannu, ana ganewa.

Sai maganar ƙofofi. Ni a ganina ku fara da ƙaramar hukuma, ita ta fi kusa kuma abin da kuke nema bai fi ƙarfinta ba. Filato na da 17, kuma hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye ya ba ku bakin tambaya. Ku bi ta kansilan mazaɓarku zuwa ciyaman. Abin da zai fi saurin shiga shine ku ce ƙaramar hukuma ta sayi kujeru, misali kujera huɗu a kowace tafiyar safe, a ba marasa lafiya masu takardar turawa da ɗalibai, a biya ƙungiya ƙarshen wata bisa rasit. Ciyaman ya samu abin da zai nuna wa jama'a, ku kun samu abin toshe giɓi, ba a sayi mota ba balle a yi rigimar ta waye. In hanyar ta ratsa ƙananan hukumomi biyu ko uku ku nemi kowacce ta ɗauki rabonta.

A matakin jiha ma'aikatar sufuri ce, takarda zuwa ga kwamishina ta hannun babban sakatare, sannan akwai kamfanin jiha na Plateau Express. A nan abin nema shine a sa hanyarku cikin kasafin kuɗi, ko a baku hayar mota a biya a hankali, ko a yi yarjejeniya motarku ta riƙa kawo fasinjan ƙauye daidai lokacin da motocin Abuja ko Kaduna ko Bauchi ke lodi, wannan haɗin lokacin kyauta ne kuma yana ƙara muku fasinja. 'Yan majalisa kuma, na tarayya suna da ayyukan mazaɓu da aka saba ware wa biliyan 100 a shekara gaba ɗayansu, kuma kun san abin da aka saba rabawa, babur da keke da injin markaɗe. Ku je da ƙungiya da fayil ku ce Honarabul maimakon babura goma da za a sayar a kasuwa washegari, a sa bas ɗaya da sunan ƙungiyar gama kai ta hanya kaza, da sabis na shekara ɗaya a ciki. In ya ce an sa, ku duba kasafin a shafin ofishin kasafin kuɗi na tarayya ko shafin Tracka na BudgIT ku ga sunan aikin da hukumar da aka ɗora shi a kanta, don ita zaku riƙa bi, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa in kun rubuta kuna tambaya.

Shirin CNG na fadar shugaban ƙasa da aka kafa a 2023 ya yi ta juya motocin haya zuwa gas kyauta ta hannun yuniyon-yuniyon, kuma gas ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, in ya samu giɓinku zai ragu sosai. Amma kafin ku kai mota a ɗora mata tukunya ku tambayi kanku ina zamu sha gas a hanyarmu, silinda ɗaya zata kai mu ta dawo damu, kuma ina zata zauna a motar da but ɗinta ke cin buhunan masara. Motar da aka juya tana iya komawa fetur in gas ya ƙare, to amma in rabin tafiyar a fetur za a yi sai a sa hakan a lissafi tun yanzu. Kuma a cibiyar da aka amince da ita kawai, kar a yarda da silindar da mai walda ya haɗa, rai ake magana.

In kuma matsalarku ba mota bace, gada ce ta karye ko kwalbati ya zube kowace damina, to akwai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka sa wa kuɗi a 2020, Filato na cikin jihohinsa. Basa sayen bas, amma littafin ƙirgarku shine irin shaidar da ke nuna hanya na da mutane. Tallafin naira 50,000 na ƙananan masu sana'a da aka raba a 2024 kuwa kowane direba ya nema don kansa in an sake buɗe irinsa, sai dai ko tayoyi bazai canja maka ba, kar a gina shiri a kansa.

Takardar kanta kar ta wuce shafi biyu, su wane ne ku, wace hanya, me ke faruwa yanzu, me kuke nema a naira, me ku zaku kawo, me za a gani bayan shekara. Wannan na me zaku kawo kar a barshi fayau, ko motocinku ne, ko direbobi, ko kashi goma na kuɗin daga adashenku, mai bayarwa ya fi sakin jiki da wanda ya sa nasa a ciki. Sauran takardu su biyo a baya. Ku kai rejistiri da kwafi biyu, ku tsaya a buga muku hatimin an karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin, kar a ce ku ajiye ku tafi, ku yi murmushi ku ce Hajiya ko Madam a taimaka da sitam, ku rubuta lambar fayil a bayan kwafin. Duk sati biyu mutum ɗaya da kuka wakilta ya leƙa da ladabi ya tambayi teburin da fayil ya kai, ba tawagar mutum ashirin ba. Lokaci kuma, ba a fafe gora ranar tafiya, ma'aikatu na tattara buƙatunsu na shekara mai zuwa ne tun tsakiyar shekara, gwamna ya kai majalisa wajen ƙarshenta, wanda ya kawo takarda a Disamba ya makara da shekara guda. Ku nufi Yuni zuwa Agusta, in an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi ku je ku yi magana a rubuta, ku kuma ba ɗan majalisar jiha na mazaɓarku kwafi.

Ranar da aka ce an amince, farin ciki kar ya hana ku karatu. Kyauta ce ko bashi, a rubuce. In bashi ne ruwa nawa, wata nawa, akwai lokacin numfashi kafin a fara biya, me zai faru in mota ta yi haɗari ko aka sa dokar hana fita ta kwana biyu bata aiki. Sunan wa ke kan fatikula. Inshorar wace iri ce, don ƙaramar nan da kowa ke yi don 'yan sanda wanda ka buge take biya, bata gyara taka motar, motar bashi kuwa cikakkiya take buƙata. Membobin da basa son harkar ruwa a saurare su tun kafin a sa hannu, akwai bankuna irin Jaiz da Taj da ke sayen mota su sayar maka da riba sananniya ko su baka haya har ta zama taka, a tambaya ko za a iya bi ta nan. Sannan ku ɗauki bakanikenku ya ga irin motar, ya faɗa muku ko akwai kayanta a Dilimi, ko cikinta zai iya hanyar burji da gangaren Pankshin, don doguwar bas mai ƙasa-ƙasa da aka yi wa titin Abuja ba zata yi wata uku a hanyar Bashar ba. Kuma duk wanda ya turo muku link a WhatsApp ya ce ku biya kuɗin fom ko ku turo BVN da lambar da banki ya aiko muku a waya, ɓarawo ne, shafukan gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, ku je ofis da ƙafarku ku tabbatar.

Bayan an samu, rigimar farko daga cikin gida zata taso, ku shirya mata. Direbobin da ke bin layi zasu ce motar ƙarfe shida na kwashe musu fasinja tunda ita bata jira. Maganin shine tafiyar tallafin ta zama ɗaya ko biyu a rana kuma ta riƙa zagayawa tsakanin membobi, yau wane gobe wane, kowa ya ɗanɗana, a rubuta jadawalin a manna a bangon tasha. In motar ta ƙungiya ce a sa direba a albashi da ɗan ƙari in ya kiyaye lokaci, don tsarin balas shi ke sa gudu da lodin wuce kima, mutum na neman ya cika na mai mota ya samu nasa. Kuɗin gyara a riƙa cire shi kullum a kai wani asusu dabam da ba a taɓawa don biki ko ta'aziyya, ko ta waye. Tashin yamma daga Jos a sa shi da wuri yadda za a isa gida da sauran haske, kun san hanyoyinmu.

Yaron littafi kuma kar a sallame shi, yanzu aikinsa ya fara. Duk ƙarshen wata shafi ɗaya zuwa ga wanda ya bada tallafin, tafiya nawa aka yi, nawa suka tashi a kan lokaci, fasinja nawa, marasa lafiya nawa, nawa aka samu nawa aka kashe, ranar da mota bata fita ba a faɗi dalili, a haɗa da rasit, a kai rejistiri a buga sitam kamar farko, kwafi ga kansila da shugaban yuniyon. Sannan tun ranar farko ku daidaita da memba ɗaya mai mota lafiyayya cewa in ta ƙungiya ta kwana a gareji tasa ce zata fito ƙarfe shida, a kan kuɗi kaza da aka riga aka rubuta, don fasinjan ƙauye in ya zo sau biyu bai tarar da mota ba ya koma hawa ta gawayi, kuma lambobin da zaku kai a nemi sabunta tallafin a Yuni mai zuwa daga fasinjan nan suke fitowa.